Baibai Ake Yin Shi

Ina ɗan shekara 14 kawuna ya kama hannuna ya kai ni shagon wani mai rubutun alluna a gefen tsohuwar kasuwar Sakkwato. Shekarar 1983 ce, gari ya ɗau zafin zaɓe, shagon cike da riguna da ƙyallaye. Maigidan bai ko ɗago kai sosai ba, ya miƙo min guntuwar roba da rabin reza ya ce in sassaƙa sunana. Na zauna na yi ta ƙoƙari har la'asar, na shafa tawada, na danna a takarda. Sai ga sunan ya fito yana tafiya da baya. Yaran shago suka fashe da dariya. Maigida ya duba ya ce, "Kai ɗan ga, wanga aiki baibai aka yin shi. In ka rubuta daidai, shi fito ma karkace."

Har yau ba mu da suna ɗaya a garin nan. Wani ya ce masu fenti, wani ya ce masu bugu, wani ya haɗa mu da masu maɗaba'a. In an tambayi 'yan boko tarihin sana'ar, sai su fara daga Zariya. Ni ma a can na yi karatunta, amma ban yarda daga can ta fara ba.

Duk wanda ya taɓa ganin tsofaffin wasiƙun Daular Usmaniyya, irin waɗanda ake adanawa a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, ya ga hatimi. Wani ne ya zauna da ƙarfe ya tona sunan mai mulki da haruffan Larabci, kuma dole baibai ya tona, don in an shafa tawada an danna ya fito daidai. A tuna Larabci daga dama yake tashi, shi kuwa mai tona hatimi dole ya tilasta wa hannunsa tashi daga hagu. Wannan shi ne bugu a asalinsa: zane ɗaya, kwafi da yawa, kowanne shaida ne. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun kwashi tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fitar da fassararsu a 1927. Masu tarihi suna karanta abin da wasiƙun zamanin suka ce. Ni in na sami irinsu, hatimin nake zuba wa ido, da takardar kanta, wadda in ka ɗaga ta ga haske za ka ga jinjirin wata uku a jere, alamar masana'antun Italiya da fatake suka riƙa ketowa da hajarsu ta Sahara.

Haka dukawa. Mutum ya ɗora ɗan ƙarfe mai zane a baki kan jar fatar akuyar Sakkwato, ya buga, ya matsa gaba, ya sake bugawa, har ado ya cika fuskar jaka ko titimi. Ba ya kiran abin da yake yi bugu irin namu, amma hannun ɗaya ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na je makaranta shi ne ƙaro. Ƙaron nan da almajiri yake jiƙawa ya haɗa da baƙin tukunya ko gawayi ya yi tawada, shi ne ginshiƙin bugun dutse da wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya ƙirƙiro a 1796. Dabarar ba ta wuce gabar da ke tsakanin ruwa da mai ba. A yi zane da abu mai maiƙo a kan dutse, a shafe sauran da ruwan ƙaro, sai wurin ƙaron ya riƙe laima ya ƙi karɓar tawada, wurin zanen kuma ya karɓa. Daga wannan dabara injinan maɗaba'a na zamani suka fito, kuma su ne suka yi wa ajami rana. Malamanmu ba su saki jiki da haruffan dalma na Misira da Lebanon ba, idonsu ya saba da rubutun gida. Da injin ya zo, sai marubuci ya kwafe littafi da hannunsa, a ɗauki hotonsa a kan faranti, a buga dubbai. Littattafan Shehu da na ƙaninsa Abdullahi na Gwandu da waƙoƙin Nana Asma'u da ake shimfiɗawa a bakin Hubbare da ƙofofin masallatai, da yawansu ta wannan hanya suka iso hannun talaka. A ɓangaren boko kuwa Zariya ce uwa: Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da Abubakar Imam, sannan Kamfanin Gaskiya a 1945.

To, bugu a matsayin fasaha ta ƙashin kanta, wanda mai zane zai sa wa hannu da lamba, wannan kam Zariya ce ta raine shi. A 1955 aka mayar da sashen zane na kwalejin kimiyya da fasaha daga Ibadan zuwa can, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Hujjarsu ita ce a koyi dabarar Bature amma a zana abin gida. A cikinsu Onobrakpeya ne ya rungumi bugu har ya zama uban sana'ar a Nijeriya. Mutumin Agbarha-Otor ne a ƙasar Urhobo, an haife shi a 1932, amma Arewa ta shiga idonsa ba ta fita ba. A shekarun 1980 ma ya yi jerin ayyuka a kan Sahel da fari. Shi ya yi wa Cyprian Ekwensi hotunan littafinsa An African Night's Entertainment na 1962, labarin da duk wanda ya karanta Jiki Magayi zai ji kamar ya taɓa haɗuwa da shi a wani wuri. Ban ce komai ba.

Labarinsa da kowane ɗalibin bugu ya haddace shi ne na 1967. Bayan ya koyi bugun cin ƙarfe wajen wani ɗan Holan, Ru van Rossem, a tarukan koyarwa na Ibadan da Oshogbo, sai ya yi amfani da asid ɗin da bai dace ba, ya cinye masa farantin tutiya ya yi ramuka. Maimakon ya yar, sai ya cike ramukan da gam na Araldite, ya buga haka nan. Abin da ya fito mai tudu da kwari ne, kuma daga nan ya sami salon da aka san shi da shi. Tun 1998 yake tara masu zane a garinsu da sanyin hunturu don koyarwa.

Ranar da na fara ganin an ɗaga takarda daga farantin cin ƙarfe, na manta da yunwa. Ga yadda abin yake. A goge farantin tutiya ko jan ƙarfe har ya yi sheƙi, a shafe shi da haɗin kakin zuma da kwalta. A ɗauki allura a yi zane, ba a tona ƙarfen ba, kakin kawai ake tsagawa. A tsoma cikin ruwan asid, ya bi tsagar nan yana ci, kumfa na tashi, ana share ta da gashin tsuntsu. Layin da ya daɗe a ciki ya yi zurfi ya yi baƙi, wanda aka rufe da wuri ya fito siriri kamar gashin jariri. Sannan a wanke, a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman da ƙyalle, a ƙarasa da tafin hannu. A ɗora jiƙaƙƙiyar takarda da bargo, a murɗa injin matsi. Takardar ta nutsa cikin ƙarfen ta tsotso tawadar. Da wannan Rembrandt ya yi suna a Holan shekaru fiye da 350 da suka wuce, kuma ba abin da ya sauya a aikin sai kaɗan.

Na dawo gida da faranti shida da buri mai yawa. Sai dai cin ƙarfe bai zauna a Sakkwato ba, kuma na daina ɗora wa mutane laifi. Yana son injin matsi mai nauyi, yana son asid da ba a saye a kanti, yana son takarda mai kauri da ke shan ruwa ba ta yage ba. A wata makaranta da na koyar an taɓa sayo injin, ya shekara tara a cikin akwatinsa don an rasa wanda zai sa hannu a buɗe. Ga zafi: a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, kakin yana narkewa kafin ka gama zane, takardar da ka jiƙa ta bushe kafin ka kai ta inji. Sannan wa zai saya? Mai kuɗin garin nan zai rataya ayar Alƙur'ani ko zayyana a falonsa da farin ciki, amma hoton mai rai yana sa shi jan ƙafa, kuma ina ganin girman dalilinsa.

Bugun rariya ne ya ci kasuwa, domin shi talaka ne. Katako huɗu, ƙyalle mai ƙananan idanu, robar jan fenti, shi ke nan. Kuma shi ba ya neman baibai, abin da ka gani shi zai sauka. Maigidana da tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti yake yanka haruffa. Daga baya muka koyi shafa wa rariyar magani mai jin haske, mu ɗora zane, mu fita da ita rana muna ƙirga daƙiƙu da baki. Abin da Andy Warhol ya fara yi a Amurka a 1962 aka kira shi gwani, mu muna yinsa a kan rigunan 'yan firamare da buhunan taki.

Siyasa ce daminarmu. Na buga gida da masara na NPN, jam'iyyar Shehu Shagari, har ina ganinsu a mafarki. Da sojoji suka yi juyin mulki a ranar ƙarshe ta 1983, wani ɗan siyasa ya tafi da bashin maigidana, har ya koma ga Allah bai ga kuɗin ba. A 1993 muka buga doki da mikiya, a 1999 lema da masara. Bayan haka manyan injinan kwamfuta suka iso, masu zubo fuskar ɗan takara a kan leda mai faɗin bango cikin minti kaɗan. Yaran shaguna suka watse, wasu kabu-kabu, wasu sayar da katin waya. Waɗanda suka rage suna riƙe da bajen makarantu da jakunkunan biki.

Yanzu tilon bugu nake koya wa yara, don shi ba ya neman izinin kowa. Gilashin taga, tawada, cokali. A shimfiɗa tawadar a gilashi, a yi zane da tsinke ko yatsa, a kifa takarda, a murza bayanta da cokali, a ɗaga. Kwafi ɗaya tak yake bayarwa, na biyu inuwa ce kawai. Da hunturu sai mun rufe tagogi, in ba haka ba ƙura ta shiga tawadar ta yi mata ƙuraje, kodayake wata yarinya ta ce ita haka ta fi so, kuma da na duba aikinta ban iya musa mata ba.

Bana na sayo fatu uku wajen majema, na gwada danna tsohon farantina na Zariya a kansu da matsin masu ɗaurin littafi. Ta farko ta sha tawada ta yi dabbare-dabbare. Ta biyu na jiƙa ta fiye da kima. Ta uku tana rataye a bayan ƙofa, yau kwana huɗu, tawadar ba ta gama bushewa ba.