Yadda Kura Ta Bar Ƙasar Bande

Dattawanmu sun shaida cewa a zamanin ƙuruciyarsu ba a barin akuya ta kwana bayan gari, don kura. Yau ɗan lakwal na Bande ya san kura a bakin Gizo kawai, ko kuwa in gardawa sun zo da ita a ɗaure ranar kasuwa.

Galibi maharba ake ɗora wa laifi. Ni a ganina kibiya ba ta isa wannan aiki ba. Abu na farko guba ne. A zamanin Faransawa, har bayan samun mulkin kai a 1960, ma'aikatar kiwo tana sa guba mai suna istirkinin cikin mushe don tsare dukiyar makiyaya. To, guba ba ta tambayar sunan mai ci. Kura ta ci, dila ya ci, angulu ta sauko ta ci, har karen gari. Mushe guda yakan kashe abin da maharbi ba ya kashewa a shekara.

Sai kuma gyaɗa. Daga wajen 1950 ƙasar Magarya ta zama ƙasar gyaɗa, aka sare daji, saura ta ƙare, gona ta haɗe da gona. Farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa abin da ya rage na barewa da gada, abincin masu farauta.

Gwamnati ta farka, amma a makare. Dokar 29 ga Afrilu 1998 ta tsara farauta da tsaron namun daji. A 2012 aka keɓe gandun Termit da Tin Tumma, can arewa maso gabas da Damagaram, inda rabbi da sayaki da yanyawa suka saura. Zaki kuwa sai gandun W, yamma mai nisa. Binciken da aka fitar a 2014 ya ce zakunan Afirka ta Yamma duka ba su wuce kamar 400 ba.

Mu nan abin da ya rage mana dila ne da yanyawa da tunku, kuma gawon da manoma suka raya tun bayan 1984 ya ba su ɗan mafaka. Gaskiya dila yana ɗaukar ɗan akuya, mai akuya kuma yana da hujjar fushi. Amma shi ne ke cin ɓera da gafiya masu tone shuka. Wanda ya zuba maganin ƙwari cikin mushe ya sake aikin da aka yi wa kura, kuma doka ta hana. Garke mai ƙaya da kare mai haushi sun fi arha, ma'aikatan gandun daji kuma suna Magarya.