Tambayar Sana'a a Takardar Inshorar Mota: Yadda Birtaniya Ta Sa wa Rashin Aiki Farashi

A Birtaniya duk mai neman inshorar mota sai an tambaye shi sana'arsa, kuma amsar da ya bayar tana da farashi. Ma'aikacin ofis da aka sallama, idan lokacin sabunta takardarsa ya yi ya rubuta cewa ba shi da aiki, sau da yawa sai ya tarar kuɗin ya hau, alhali motar ita ce dai ta bara, unguwar ba ta sauya ba, shekarun da ya kwashe yana tuƙi bai goga wa kowa ba suna nan a rubuce. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Kamfanonin inshora suna cewa lissafi ne ya kawo haka, su ba su da hannu. Tarihin harkar inshora kuwa yana nuna cewa hukuma ce ta wajabta wa jama'a sayen wannan haja, sannan ta sakar wa kasuwa ragamar zaɓen tambayoyin da za a yanke farashi da su. Wanda ya wajabta sayen, a ganina, shi ke da alhakin tantance tambayoyin.

Lokacin da 'yan kasuwar Lloyd's ta Landan suka rubuta inshorar motarsu ta farko a 1904, jiragen ruwa suka sani, don haka suka ɗauki motar a matsayin jirgi mai tafiya a kan tudu. A shekarun nan inshora ganin dama ce. Mai mota attajiri ne, in ya kaɗe mutum yana da abin biyan diyya. Da motoci suka yawaita sai aka fara samun direbobin da ke karya mutane ba su da ko sisin biya, kuma a 1930 kaɗai mutum 7,305 suka mutu a titunan ƙasar. A wannan shekara ce, ƙarƙashin ministan sufuri Herbert Morrison, majalisa ta zartar da dokar hanya da ta tilasta wa kowane direba ya mallaki inshorar da za ta biya wanda ya ji wa rauni. Dokar ta zo daidai da lokacin da marasa aiki a ƙasar suka haura miliyan 2, amma ba wanda ya haɗa batutuwan biyu, domin motocin gida ba su wuce kimanin miliyan 1 ba, kuma mahaƙin kwal da aka rufe wa rami ba ya cikin masu su. An gina dokar ne a kan zaton cewa duk mai mota yana da abin hannu. Yau motocin sun haura miliyan 30, kuma a ƙauyuka da ƙananan garuruwan da bas ke zuwa jefi-jefi, mota ita ce ƙafar mai neman aiki.

Shekaru da dama bayan dokar, manyan kamfanoni suna bin jadawalin farashi ɗaya da suka amince da shi a tsakaninsu, wanda ya fi duba ƙarfin inji, yankin da motar ke kwana da irin amfanin da ake yi da ita. Ana tambayar sana'a tun a lokacin, amma galibi don a ware wasu 'yan tsiraru da ake yi wa kallon masu kasada, irin su 'yan wasan kwaikwayo, mahayan dawakin sukuwa da masu gidajen giya. A ƙarshen shekarun 1960 jadawalin ya rushe, kowa ya kama gabansa. Gasar ta yi zafi har kamfanin Vehicle and General, wanda ya yi suna wajen karya farashi, ya durƙushe a 1971 ya bar dubban ɗaruruwan direbobi ba su da kariya. Abin da sauran suka koya shi ne riba tana wajen tsince direbobi masu arha a bar wa abokin hamayya masu tsada. Direct Line ya fara sayar da inshora ta wayar tarho a 1985, shafin kwatanta farashi na Confused.com ya biyo baya a 2002, dillalin unguwa da ya san abokin cinikinsa ido da ido ya ja baya. Kwamfuta ta maye gurbinsa, ita kuwa ba ta san wanda kamfaninsu ya rufe makon jiya bayan shekara ashirin yana aiki ba. Rukuni kawai ta sani.

Mai karatu zai ce, to mutum ya yi shiru mana. A nan wata tsohuwar ƙa'ida ke tare hanya. A 1766 alƙali Lord Mansfield ya yanke hukunci a shari'ar Carter da Boehm, kan wani sansanin Turawan Ingila a tsibirin Sumatra da aka yi wa inshora kafin Faransawa su ƙwace shi. Wanda ya sayar da inshorar ya ƙi biya, yana cewa an ɓoye masa raunin sansanin. Bai yi nasara ba, amma hukuncin ya kafa ƙa'idar cewa mai neman inshora ya fi kamfani sanin halin da yake ciki, saboda haka dole ya bayyana. Ƙa'idar da aka tsara don attajiran fataucin teku ita aka ɗora wa mai ƙaramar mota har zuwa dokar 2012, wadda ta sassauta: yanzu abin da ke kansa shi ne ya kula ya amsa abin da aka tambaye shi da gaskiya. Sai dai tambayar sana'a tana nan, takardu da yawa kuma sun shardanta a sanar da kamfani idan aiki ya sauya. Wanda ya yi ƙarya da gangan ana iya soke masa inshorar a riƙe kuɗinsa. Ajiye motar ma ba ya fisshe shi cikin sauƙi. Tun 2011 laifi ne mallakar mota marar inshora ko da ba a tuƙa ta, sai in an sanar da hukuma an kuma janye ta daga titi, kuma mai zama a gidan haya na bene ba shi da farfajiyar da zai kai ta. In ya kasa biyan kuɗin shekara a dunƙule ya koma biyan wata-wata, akwai kuɗin ruwa a kai.

Hujjar kamfanoni ba ta banza ba ce, ya kamata a saurare ta. Suna cewa alƙalumansu sun nuna marasa aiki, a matsayin rukuni, sun fi neman diyya: suna bin hanyoyin da ba su saba ba wajen neman aiki, suna jinkirta gyaran birki da taya, kuma ɗan ƙaramin karce da mai albashi zai gyara da kuɗinsa, su sai sun kai wa kamfani. Mu ɗauka duk gaskiya ne. Dalili na ƙarshe ba ya magana a kan tuƙi sam, a kan talauci yake magana, wato ana cajin mutum ƙari don ana sa ran zai nemi haƙƙin da ya biya kuɗi dominsa. Sauran dalilan kuma abubuwa ne da ake iya aunawa kai tsaye. Akwai tarihin haɗurran direba, akwai nisan tafiyarsa a shekara, akwai gwajin lafiyar mota da doka ta wajabta duk shekara ga motar da ta kai shekara 3, akwai ma na'urar da kamfanonin da kansu ke maƙala wa motocin matasa don ta riƙa lura da gudu da taka birki. Wanda ya daina zirga-zirgar zuwa aiki safe da yamma ya fita daga cunkoson da ake yawan gogayya a cikinsa, kuma wannan ya kamata ya rage masa kuɗi.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: in aka hana duba sana'a, sauran direbobi ne za su cike giɓin. Haka ne. Amma an taɓa yin irin wannan zaɓi da ido buɗe. Alƙaluma sun daɗe da tabbatar da cewa samari sun fi 'yan mata haɗari a titi, duk da haka Kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2011 cewa ba za a bambanta farashi da jinsi ba, hukuncin ya fara aiki a Disambar 2012, 'yan mata suka biya ƙari, kasuwar kuwa ba ta rushe ba. A Amurka, masu zaɓe a jihar Kalifoniya sun amince tun 1988 da dokar da ta ce tarihin tuƙi, nisan tafiya da shekarun gogewa su ne za a fi bai wa nauyi, jihar New York kuma ta taƙaita amfani da sana'a da matakin ilimi a 2017. Sannan giɓin nan ana cike shi ko an so ko ba a so ba. Tun 1946 Birtaniya tana da asusun Motor Insurers' Bureau mai biyan waɗanda direbobi marasa inshora suka raunata, kuma kuɗinsa daga aljihun masu inshora yake fitowa. Duk wanda tsada ta kora ya hau titi ba takarda, nauyinsa kan sauran direbobi yake komawa.

Najeriya ta gaji wannan tilas ta hanyar dokar 1945 da Turawan mulki suka kwaikwayo daga tasu, sai dai ta ɗauki wata hanya wajen farashi. Hukumar NAICOM ce ke yanke kuɗin inshorar dole, kuma daga Janairun 2023 ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, ko mai ita babban sakatare ne ko mai zaman jiran aiki. Tarkon rashin aiki a nan yana wani wuri dabam. Ma'aikacin da aka sallama yakan mai da motarsa kabu-kabu don ya ciyar da gida, takardar da ke cikin aljihun motar kuwa ta amfanin gida ce, ba ta haɗa da ɗaukar fasinja don kuɗi ba, kuma kamfani yana da damar kafa hujja da wannan ranar da aka kawo masa takardar neman diyya.