Ɗalibi a ƙasar wasu: abin da bincike ya gano kan sabawa da baƙunta

Masana halayyar ɗan Adam sun shafe kusan shekara 70 suna nazarin yadda baƙo ke sabawa da al'adar da ba tasa ba, kuma ɗaliban da ke karatu a ƙasashen waje su ne aka fi yin binciken a kansu. Alƙaluman UNESCO sun nuna cewa irin waɗannan ɗalibai sun kai kimanin miliyan 2 a shekarar 2000, yanzu kuwa sun haura miliyan 6. Tambayar da ta fi shafar Hausawan Abijan a ciki ita ce: zama cikin 'yan'uwa yana taimakon ɗalibi ne, ko yana tauye shi?

A 1955 Sverre Lysgaard ya yi hira da 'yan ƙasar Norway da suka je Amurka da tallafin karatu na Fulbright. Ya ce zaman baƙo yana bin siffar harafin U: murna da farko, sai kewa da ƙunci, sai kuma farfaɗowa. A 1960 Kalervo Oberg ya yaɗa kalmar da Faransanci ke kira choc culturel, wato ruɗewar da ke kama wanda ya rasa alamun rayuwar da ya saba da su. An daɗe ana koyar da wannan siffa saboda sauƙin haddacewa, amma ba ta jure gwaji ba. A 1998 Colleen Ward da abokan aikinta sun bibiyi ɗaliban Japan a New Zealand, suka tarar damuwa ta fi tsanani tun a ranakun sauka. Ward ta kuma raba sabo gida biyu: kwanciyar hankali, da iya mu'amalar yau da kullum. Ɗalibi na iya sanin kowace tashar gbaka a Adjamé, amma barci ya gagare shi don kewar gida.

Batun 'yan'uwa ya fito fili a 1977, lokacin da Stephen Bochner ya nuna cewa ɗalibi baƙo yana da abokai iri uku: 'yan ƙasarsu da ke riƙe masa al'ada, 'yan gari da ke buɗe masa hanyar karatu da aiki, da sauran baƙi da yake hutawa da su. John Berry na Kanada ya ɗora a kai. A ganinsa, wanda ya riƙe al'adarsa kuma ya shiga cikin masu masauki ya fi samun lafiya bisa wanda ya watsar da tasa, ko wanda ya kulle kansa a cikinta.

Hausawa sun riga masana sanin rabin wannan. Littafin Abner Cohen na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan ya bayyana yadda maigida ke saukar da baƙo, ya ba shi makwanci, ya tsaya masa a kasuwa. Irin wannan tsari ne ɗalibi daga Maraɗi ko Tawa yake tararwa a Adjamé, inda manyan tashoshin mota da kasuwanni suke, ko a Treichville kusa da tashar jiragen ruwa. Yana samun masallaci, da harshensa, da wanda zai ranta masa kuɗin mota. Hatta garba, abincin attiéké da soyayyen kifin tuna da ɗaliban Abijan suka dogara da shi, an san shi da 'yan Nijar masu sayarwa.

Sauran rabin shi ne mai wuya. Jami'ar Félix Houphouët-Boigny tana Cocody, ta Nangui Abrogoua tana tsakanin Abobo da Adjamé, kuma abin da ke sa ɗalibi ya ci jarrabawa a can sau da yawa yana hannun 'yan gari: wa ke da tsoffin takardun tambayoyi, wane malami ya sauya lokaci. Faransancin makarantar Yamai bai isa ya gane nouchi da matasa ke yi ba, kasuwa kuma Julanci take ji. Ɗan Najeriya da ya yi karatu da Ingilishi, nasa hawan ya fi tsayi. Wanda ya tashi daga aji ya wuce shagon kawunsa kullum, zai samu natsuwa, amma abokan iri na biyu ba zai same su ba.

Berry ya jaddada cewa zaɓin ba na baƙo kaɗai ba ne, sai masu gari sun ba da fuska. A takarda, dokar UEMOA ta 2005 ta ce a daidaita ɗaliban ƙasashen ƙungiyar da 'yan ƙasa wajen shiga jami'o'in gwamnati da kuɗin rajista, kuma ta shafi Nijar, ba ta shafi Najeriya ba. Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 22 cikin 100 na mazauna Kwaddebuwa baƙi ne. Amma siyasar ivoirité ta shekarun 1990 da rikicin zaɓen 2010 zuwa 2011, wanda bayansa jami'o'in Abijan suka kasance a rufe har Satumban 2012, sun koya wa iyalai da yawa taka tsantsan.

Mafi yawan nazarin da ake bugawa har yau a kan ɗaliban Asiya ne da ke Amurka, Ingila da Ostareliya. Sabbin bincike sun karkata ga wariya, da tsadar rayuwa, da tasirin waya, tunda ɗalibin da ke Treichville yana iya kwana yana hira da gida ta WhatsApp. Ɗalibin Afirka da ke karatu a wata ƙasar Afirka, wanda ya sauka a hannun dangi ba a ɗakin kwanan jami'a ba, bai cika bayyana a cikinsu ba.