Madina a Idon Ɗan Damargu

Mutumin Tanut ko Balbeji da ya taɓa tsayawa gindin hasumiyar Agadas, waccan ta laka mai tsawon mita 27 da aka fara ginawa wajajen 1515, yakan sauka Madina da tsammanin ganin irin wannan tsufa. Sai ya tarar da Masallacin Ƙuba fari fat, da hasumiya huɗu, ginin 1986. Abin da ya rage na da shi ne gurin, inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya sauka a 622 da ya yiwo hijira, ya aza harsashin masallacin farko a Musulunci. Ran Asabar ba masaka tsinke, don a ranar yakan zo shi ma, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci bisa abin hawa.

Kafin hijira sunan garin Yasriba. Unguwanni ne warwatse na Ausu da Hazraju da ƙabilun Yahudawa, cikin gonakin dabino, baƙin dutse ya tokare su gabas da yamma. Dutsen nan ne ya sa a 627, da Ƙuraishawa suka yo gayya, ta arewa kaɗai aka haƙa ramin da Salmanu Bafarise ya ba da shawara. Uhudu ma na can arewa, inda Sayyadina Hamza ke kwance tun 625.

A Masallacin Ƙiblataini, a unguwar Banu Salama, masu salla suka juya daga Ƙudus zuwa Ka'aba a shekara ta 2 bayan hijira. Da mihirabi biyu ne, gyaran 1987 ya bar ɗaya.

Ni kuwa, da so samu ne, daga nan sai a zarce da alhazanmu rijiyar Ruma, ba ta da nisa. Mai ita sayar da ruwan yake yi, Sayyadina Usmanu ɗan Affan ya saye ta ya bar wa jama'a wakafi, har yau da dabino kewaye da ita. Wanda ya tashi a Damargu, ya ga yaro ya kora raƙumi da igiya har ya yi nisa kafin wasaki ya leƙo bakin rijiya, ga garke na layi cikin zafin bazara, ba sai an yi masa tafinta a wannan wurin ba.