Sassarfar Doki da Ƙafar Tunkiya: Tarihin Kalma Guda Tsakanin Ingilishi da Faransanci

Wanda ya buɗe ƙamus na Ingilishi ya nemi kalmar "trotter" zai tarar da ma'ana biyu waɗanda ba su yi kama da juna ba. Ta fari ita ce doki mai sassarfa, ta biyu kuwa ƙafar tunkiya ko ta alade wadda a ke dafawa a ci. In kuma ya duba ƙamus na Faransanci zai sami 'yar'uwarta, watau "trotteur", amma can ba ta da zancen tukunya ko kaɗan. Nufina a wannan takarda shi ne in bi sawun kalmar, domin tarihinta ya na da amfani ga malamin da ke koyar da fassara.

Bari mu fara da tafiyar kanta. Sassarfa ita ce wadda ke tsakanin tafiyar sannu da sukuwa. A cikinta doki ya kan ɗaga ƙafar gaba ta dama tare da ta baya ta hagu, sa'an nan ya sāke, har mai sauraro ya ji bugu biyu biyu. Wannan ita ce "trot" ga Ingilishi da Faransawa duka, aikatau ɗin kuwa a Faransanci shi ne "trotter".

Faransanci ɗiyan Latin ne, amma masana asalin kalmomi sun tafi a kan cewa wannan kalma ba daga Latin ta fito ba. Ta zo ne daga bakin Farankawa, wata al'umma mai harshe dangin Jamusanci, waɗanda suka mallaki ƙasar a zamanin sarkinsu Kulobis, wanda ya rasu cikin 511. Tushenta ɗaya da "treten" na Jamusanci da "tread" na Ingilishi, duka biyu ma'anarsu takawa. To, cikin 1066 Normandawa suka ƙetare teku suka ci Ingila, Faransanci ya zama harshen fada da na barade. Kalmomin hawa suka kwararo cikin Ingilishi, har ya zuwa ƙarni na 14 an fara ganin "trot" a rubuce. Ingilishi kuwa shi ma dangin Jamusanci ne. Ashe kalmar gida ta komo, sai dai ta dawo da rigar baƙi, 'yan'uwanta ba su shaida ta ba.

Ba ita kaɗai ta bi wannan hanya ba. "Amble", watau tafiyar da doki ke ɗaga ƙafafun gefe guda tare, ta ratso Faransanci daga aikatau na Latin mai ma'anar tafiya. "Gallop" ma, sukuwa ke nan, aro ce daga Faransanci. "Canter" ce haifaffiyar gida: an gutsuro ta daga sunan birnin Kantabari, saboda irin tafiyar da masu ziyara can su kan yi bisa dawakinsu.

Daga nan harsunan biyu suka raba hanya. Ingilishi suka fara kiran doki "trotter", ya zuwa ƙarni na 16 kuma suka miƙa sunan ga ƙafar dabbar yanka, don da ita dabbar ke sassarfa. Faransawa ba su yi haka ba. Ƙafar miya a wurinsu "pied" ce, sunan da su ke kiran ƙafar mutum da shi. Amma sun kai tushen wasu wurare: "trottoir" gefen titi ne inda masu ƙasa ke bi, "trotteuse" kuwa siririn hannun agogo mai ƙidayar daƙiƙa.

Sunayen ƙafafun dabbobi su ma su na da abin lura. Kofato a Ingilishi "hoof" ne, tsohuwar kalma tun kafin Normandawa, amma dagi, watau "paw", aro ne daga tsohon Faransanci. Faransawa su kan kira kofato "sabot", sunan takalmin katako na manomansu. Ƙafar kare da ta kaza "patte" ce, amma mahayansu ba su yarda a faɗi haka ga doki ba, sai a ba shi sunayen gaɓoɓin mutum. Girman doki a idon mai shi ya shiga har cikin ƙamus, wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe.

Ma'anar doki ta ƙara ƙarfi cikin ƙarni na 19, sa'ad da tseren sassarfa ya bunƙasa. An yi na fari a Faransa cikin 1836 a garin Sherbur na Normandi. A Amurka, cikin 1879, masu kiwo suka kafa ƙa'ida cewa sai doki ya ci mil guda cikin minti 2 da daƙiƙa 30 ko ƙasa da haka kafin a rubuta shi cikin littafin irin. Cikin 1920 kuma aka soma babban tseren nan na Bansen, a gefen Faris, wanda aka raɗa wa sunan Amurka don godiya bisa taimakonta a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Me wannan ya shafe mu da shi? Hausa ta ari kalmomi daga harsunan nan biyu: Kano ta ce mota, Damagaram ta ce mato. Kalmar aro kuma ba ta zama yadda aka karɓe ta. Tebur ya shigo da ƙafa huɗu, ga shi ya haifi mai tebur, ƙaramin ɗan kasuwa. Sunan jan ƙarfe na Ingilishi ya zama kwabo a bakinmu, cikin 1973 kuma ya koma Turancin Nijeriya ya zama sunan kuɗin ƙasa. Tafiyar "trot" ke nan sak.

Saboda haka malami ya gargaɗi ɗalibansa kada kamannin kalma biyu ya ruɗe su. Ɗalibin Zariya da na Yamai za su iya haɗuwa a kan doki, su rabu a kan miya. Kafin a fassara, a tambayi inda kalma ta fito, da kuma inda ta yada zango.