Kogin Jinzu da ciwon da ake kira "Wayyo-wayyo"

Yau ƙasar Japan za mu je, jihar Toyama, bakin wani kogi mai suna Jinzu. Ku biyo ni, don labarin na kogi ne da shinkafa, abubuwa biyu da muka sani sarai.

A can saman kogin, cikin duwatsu, akwai mahaƙar Kamioka ta kamfanin Mitsui, inda ake haƙo tutiya da dalma. Duk inda aka tace tutiya, akwai wani ƙarfe da ke biyo ta, sunansa kadmiyam. A lokacin ba shi suke nema ba, sai ya bi dattin ma'aikatar ya gangara ruwa. Tun wajen shekarun 1910 ake haka, da yaƙi ya zo kuma aka ƙara ƙaimin haƙa. Mutanen ƙasa da wannan ruwan suke sha, da shi suke girki, da shi suke ban ruwan shinkafa.

Kogin ne ya fara magana. Kifi ya rinƙa mutuwa, shinkafa ta daina yin kyau, manoma suka yi ta ƙorafi. Amma an ɗauki abin a matsayin asarar amfanin gona kawai.

Sai mata suka fara kwanciya, akasari dattijai waɗanda suka yi haihuwa da yawa. Ga yadda abin yake aiki: shinkafa tana zuƙar kadmiyam daga ƙasa, mutum ya ci, ƙarfen ya je ya zauna a ƙoda, kuma yakan yi shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. Ƙoda ta lalace, sinadaran da ke riƙe ƙashi su rinƙa bin fitsari, ƙashi ya yi laushi. Ta kai wata tari kawai za ta yi haƙarƙarinta ya karye. Kukan da suke yi, "itai, itai", wato "wayyo, zafi", shi ya zama sunan ciwon. Wasu gidajen ɓoye majinyatan suka rinƙa yi, don tsoron kada a ƙi auren 'ya'yansu. Wallahi wannan wajen ne ya fi tsaya min a rai, domin mu ma mun san irin wannan ɓoyon.

Wani likitan garin, Noboru Hagino, ya ƙi yarda cewa rashin abinci mai gina jiki ne kawai. Ya lura majinyatan duk suna zaune ne inda ruwan Jinzu ke shiga gonaki. A 1961 shi da abokin bincikensa suka nuna kadmiyam da yatsa. Sai a watan Mayun 1968 gwamnati ta amince, kuma shi ne ciwo na farko da Japan ta yarda a hukumance cewa gurɓata muhalli ne ya jawo shi. Mutanen sun kai ƙara, sun yi nasara a 1971, kamfani ya ɗaukaka ƙara, ya sake faɗuwa a 1972.

To amma hukunci ba ya wanke gona. Ƙarfe ba ya ruɓewa, tafasa ruwa ma ba ta fitar da shi. Dole aka sauya ƙasar saman gonaki hekta 863, aikin da aka fara a 1979, ba a gama ba sai 2012.

Abin da ya sa na kawo labarin: a Kano, ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa, masu aiki da kuromiyam, ya daɗe yana shiga kogin Challawa, ruwan Jakara kuwa da shi ake ban ruwan kayan lambu. A Zamfara kuma mun ga abin da dalma ta yi a 2010, yara aƙalla 400 suka rasu.

Abu ɗaya da mutanen Toyama suka ƙwato ya fi burge ni fiye da diyya. Bayan hukuncin 1972 sun sa kamfanin ya rattaba hannu cewa su da masanan da suka zaɓa za su rinƙa shiga mahaƙar su duba da idonsu, su ɗebi ruwa su auna. Shekara bayan shekara suna zuwa. Wa ke da irin wannan izinin a Challawa? Wanda ya sani ya rubuto mana a ƙasa.