Shekara Hamsin Ana Gardama a Kan Saiwar Wake

Duk wanda ya taɓa shuka koren wake a bayan gida, irin wanda ake yankawa cikin soyayyar shinkafa, ya san wannan takaicin. Ka zuba yuriya son ranka, ganye ya yi luf-luf kamar alayyafo, amma fure sai ɗaiɗai, kwanson da za ka tsinka bai cika kwano ba. Dalilin yana ƙarƙashin ƙasa, kuma masana kimiyya sun shafe shekara hamsin suna sa-in-sa kafin su gano shi.

Manoma sun riga masana sanin cewa wake na gyara ƙasa. Theophrastus, masanin tsirrai na tsohuwar Girka, ya rubuta haka kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A yankin Meziko, ɗaya daga wuraren da aka fara noman wannan koren wake, tare da masara da kabewa ake shuka shi. Mu ma nan, kakanninmu na ratsa wake a tsakanin gero da dawa. Kowa ya ga amfanin, amma babu wanda ya san dalili.

A 1838 wani Bafaranshe, Jean-Baptiste Boussingault, ya yi abin da ba a saba yi ba: ya auna. A gonarsa da ke yankin Alsace ya lissafa sinadarin naitirojin da ke cikin iri da taki, sannan ya lissafa wanda ke cikin amfanin da aka girbe. Alkama ba ta ƙaru da komai ba. Dangin wake kuwa sun fito da fiye da abin da aka ba su. To daga ina rarar ta zo? Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, don haka ya yi zargin daga can ne.

Sai dai ya so ya tabbatar. A shekarun 1850 ya sake gwajin cikin tsafta ta ƙin ƙari: ya gasa ƙasar da wuta don kada wani datti ya ɓata masa lissafi. Wannan karon waken bai ƙaru da komai ba. A Ingila ma, Lawes da Gilbert na tashar bincike ta Rothamsted sun yi irin wannan gwajin da ƙonanniyar ƙasa, suka samu sakamako iri ɗaya. Aka rufe magana a kan cewa tsiro ba ya cin naitirojin na iska. Abin da ba su sani ba shi ne, wutar nan ta kashe ainihin masu aikin. Garin neman gira an rasa ido.

Wanda ya warware ƙullin shi ne Hermann Hellriegel, tare da abokin aikinsa Hermann Wilfarth, a tashar gwaji ta Bernburg a Jamus. Sun shuka sha'ir da waken fis a tsabtataccen yashi marar naitirojin. Sha'ir ya tsumbure sai an ba shi taki. Fis ma ya fara yin rawaya. Amma da suka jiƙa ƙasar gona da ruwa, suka tsiyaya ɗan ruwan a wasu tukwanen, sai fis ɗin ciki ya farfaɗo ya yi kore shar. Da suka tumɓuko shi, saiwoyin cike da 'yan ƙululu. In aka tafasa ruwan kafin a zuba, babu ƙululu, babu farfaɗowa. Ke nan wani abu mai rai ne a cikin ƙasa yake aikin. Hellriegel ya sanar da haka a wani taro a Berlin a 1886. A 1888 Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya ware ƙwayar bakteriyar daga cikin ƙululun, wadda yau ake kira Rhizobium.

Abin ciniki ne tsakanin su biyu. Tsiro na ba bakteriya masauki da sukarin da ganyensa ya haɗa, ita kuma ta mayar masa da naitirojin na iska zuwa amoniya da zai iya sha. Amma cinikin na da tsada a wurin tsiron. In ya tarar da naitirojin a banza a cikin ƙasa, sai ya rage yin ƙululun. Yawan yuriya kuma ganye yake turawa, ya jinkirta fure. Ka ga asalin takaicin da muka fara da shi.

Sai a lura da abu ɗaya. Koren wake rago ne a wannan aiki idan aka kwatanta shi da wakenmu na gida ko waken suya. Shi ya sa a ƙasa mai rauni yana son ɗan agaji a makonnin farko. Ruɓaɓɓen takin gargajiya da aka cakuɗa da ƙasa kafin shuka ya fi dacewa, domin a hankali yake sakin abinci, yana kuma riƙe danshi. In za a ƙara na zamani, ɗan supa ko kamfa kaɗan ya wadatar, tunda ƙululun na buƙatar sinadarin fosfaros. Kada ruwa ya kwanta a kunya, saboda saiwa da bakteriyar duk suna buƙatar iska. Taushi da garɗin kwanso kuwa sun fi dogara da ban-ruwa a kai a kai lokacin fure, da tsinka da wuri kafin ƙwayar ciki ta kumbura.

Kana iya duba aikin da idonka. Bayan mako huɗu ko biyar da shuka, tono tsiro ɗaya a hankali, wanke saiwar, ka tsaga ƙululu guda da farce. In cikinsa ja-ja ne, ana aiki. Jan nan na wani furotin ne ɗan'uwan wanda ke rina jininmu. In fari ne, ko dai bai kankama ba ko ba ya aikin komai, in kore ne kuma ya gama nasa. Idan babu ƙululu sam alhali ganye ya yi duhun kore, to ajiye buhun yuriyar nan tukuna.